Inda Mai Saye Ke Lallashin Mai Sayarwa

A watan Janairun 2022 kamfanin Toyota ya fitar da sanarwa a Japan yana ba masu saye haƙuri: duk wanda ya ba da odar sabuwar Land Cruiser a lokacin, yana iya jira har shekara huɗu kafin a danƙa masa makulli. A ƙasar da ake ƙera motar ke nan. Makonni kaɗan bayan haka wani babban mutum a Abuja ya kira kawuna, wanda gemunsa ya yi fari a sana'ar shigo da motoci a Kano, ya ce irinta yake so, baƙa, mai cikakken kaya, kuma ta iso kafin jam'iyyu su shiga zaɓen fid da gwani. Har ya yi sallama, sai ya ƙara da cewa, "Alhaji, a matsa musu su yi ragi fa."

Kawu ya ce in Allah ya yarda. Ɗan kasuwa ba ya musu da mai kuɗi a waya. Ni kuma aka ce in haɗa jakata, domin Turancin Kawu na ƙidaya ne, Larabcinsa na salla da gaisuwa, ga shi cinikin miliyoyi ba a yin sa da nunin hannu. Aikina tafinta da riƙon littafin lissafi.

Tafiyar Dubai daga Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, take farawa. Tun watan Yulin 2021 Babban Bankin Najeriya ya daina sayar wa 'yan canji dala, saboda haka a lokacin tafiyarmu farashin gwamnati yana wajen naira 415, na kasuwa kuwa ya haura 550, kuma na kasuwar shi ne namu. Dirhamin Daular Larabawa ɗaure yake da dala tun 1997, dala ɗaya dirhami 3.67, ba ya gaba ba ya baya. Duk rawar da za a yi, naira ce mai yin ta. Kawu bai ɗauki ko kwabo na kuɗin motar a jikinsa ba. Ya zauna da ɗan canjin da suka daɗe tare, suka yi magana ƙasa-ƙasa: a zuba naira a Kano, a karɓi dirhami a Dera ta Dubai ranar da ciniki ya faɗa.

Muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka ya da zango a Adis Ababa, muka sauka Dubai a ƙarshen Fabrairu. Rabin jirgin sanannun fuskoki ne: hajiyoyi masu sarin gwal da abaya da turare, da samarin kasuwar waya kowa rungume da jakarsa. A Dera muka kama ɗaki, unguwar Naif, inda za ka ji Hausa ta kowane lungu, ta Kano, ta Maraɗi, ta Njamena, ka kuma sami tuwon shinkafa da miyar kuka a saman wani bene in ka san wanda za ka tambaya. Bikin baje kolin duniya na Expo bai ƙare ba sai ƙarshen Maris, don haka otal ya yi tsadar da Kawu bai daina mita a kanta ba har muka dawo gida. Abu biyu na ga farashinsu bai motsa ba: shayin karak, da kwalekwalen da ke tsallakar da mutane daga Dera zuwa Bur Dubai. Kowanne dirhami ɗaya.

Sai mai karatu ya san motar kafin ya gane abin da ya sa manya ke rawar jiki a kanta. Tun 1951 Toyota ke ƙera zuriyarta, a 1954 aka raɗa mata suna Land Cruiser, kuma zuwa 2019 an sayar da fiye da miliyan 10 a duniya. Wadda muka saba gani a jerin gwanon gwamnoni, mai lamba 200, da kowa ke kira V8 kawai, a 2007 ta fito. Shekara goma sha huɗu ana yi mata kwalliyar fuska ba a sake zubinta ba, sai a Yunin 2021 aka fito da mai lamba 300. Aka cire injin nan mai silinda takwas, aka sa mai shida da turbo biyu, giya goma, aka rage mata nauyi kusan kilo 200. Tsofaffin direbobi suka yi ta gunaguni wai an rage mata ƙarfi, alhali ƙarfin ƙaruwa ya yi. Masu kuɗi dai ba su tsaya sauraron direbobi ba. Duk wanda ya shekara yana jiran sabon zubi, daga Riyad zuwa Mosko zuwa Sidni, lokaci guda ya miƙo hannu.

Daidai lokacin kuma masana'antar mota ta duniya ta shiga ƙarancin 'yan ƙwayoyin lantarkin da ke sarrafa kwamfutar mota, ga korona ta rufe masana'antun kayan haɗi a Biyetnam da Malesiya. A Satumban 2021 Toyota ta zabge kashi 40 cikin ɗari na motocin da ta yi niyyar ƙerawa a watan. Ita kuwa wannan mota a masana'antar Yoshiwara da ke lardin Aichi ake haɗa ta, ba kamar Corolla ba da ake yi a ƙasashe barkatai.

Wani zai ce me ya hana a tafi Japan kai tsaye. Na farko, motocin cikin Japan sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, sitiyari a hagu. Na biyu, dilolin Toyota a can sun riƙa sa mai saye hannu a takarda cewa ba zai yi gaggawar sayar da motar ko fitar da ita waje ba, don gudun kada ta faɗa hannun masu ɗauke da makamai. Mu 'yan yankin Sahel ba sai an yi mana dogon bayani ba. Tun 1987 ake kiran ƙarshen faɗan Cadi da Libiya Yaƙin Toyota, kuma a 2015 Ma'aikatar Baitulmalin Amurka ta tambayi kamfanin yadda aka yi motocinsa suka cika hotunan ƙungiyar ISIS. A Amurka ma ba a kai mai lamba 300 ba, 'yar'uwarta Lexus LX 600 aka tura musu. Ya rage ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha, babbar kasuwar wannan mota, kuma Dubai ce ƙofarsu.

Mun fara da gidan wakilin kamfani, don Kawu ya ce mutum ya san tsayin itace kafin ya hau. Wuri fes, sanyi har ƙashi, gahawa da dabino. Wani Ba'indiye cikin kwat ya zagaya da mu wadda aka girke don kallo, ya nuna mana farashi a rubuce: ta ƙoli, wadda suke kira VXR, ta kusa dirhami 400,000, har da harajin saye na kashi 5 cikin ɗari da ƙasar ta shigo da shi a 2018. Kawu ya gyara zama, ya ce in tambaye shi nawa zai rage. Mutumin ya yi murmushi cikin ladabi, ya ce, "Hajji, in rage a kan motar da babu?" Sai dai a rubuta suna a layi, a ajiye kafin alƙalami, a jira watanni. Kuma layin na mazauna ƙasar ne masu katin zama, waɗanda za su yi wa motar lamba a nan. Kowane wakili da yankinsa, shi ba a ba shi Najeriya ba. Farashin da ke jikin takardar gaskiya ne, sai dai ba namu ba ne.

Namu yana Ras al-Khor, bayan gari, kusa da babbar kasuwar kayan gwari ta Al Awir. Layi-layi ne na shagunan mota, kowanne da lambarsa, ka yi ta tafiya har ƙafa ta gaji. A gefe akwai yankin da ba a biyan kwastan, inda 'yan Pakistan da Afganistan ke tara tsofaffin motocin Japan masu sitiyari a dama zuwa gabashin Afirka. A ɓangarenmu kuwa sababbi ne dal, kujeru cikin leda, ƙura ta kwanta a gilashi, an rubuta a jiki cewa na fita waje ne kawai. Masu saye daga ko'ina: 'yan Iraƙi, 'yan Kazakistan, 'yan Angola, 'yan Kwango, da mu. Hilux da Prado da Hiace ana ganinsu jefi-jefi. Wadda muke nema sai ka wuce shago goma ba ka ga ƙeyarta ba, in ka gani kuma fara ce, domin Larabawa fara suka fi so saboda rana.

Baƙa ɗaya muka samu, a shagon wani ɗan Siriya mai carbi da tattausar murya. A nan na zuba ido in ga Kawu ya yi aikinsa, don na sha ganin yadda yake narkar da dillali a Kano. Bai ko kalli motar ba. Ya nufi wata Prado, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya tambayi kuɗi, ya girgiza kai. Can da zai wuce, kamar bai damu ba, ya nuna baƙar da haɓa: "Wannan fa?"

"Dubu ɗari huɗu da saba'in, Hajji."

Kawu ya yi salati. Ya ce in gaya masa daga gidan wakili muke, mun ga farashi da idonmu. Ɗan Siriya ya ce gaskiya ne, ya ma faɗi farashin kafin in faɗa, sannan ya tambaya ko sun ba mu ranar karɓa. Kawu ya koma kushe: an rage inji, silinda shida a jiki irin wannan, wa ya san ƙarkon turbo a kan man ƙasarmu? Mutumin ya gyaɗa kai, ya ce shi ma V8 ta fi kwanta masa, akwai ta bara guda ɗaya a baya in Hajji yana so, sai dai ita ma ta tashi tun da aka daina yin ta. Kawu ya taya 410,000. Na sa ran jin abin da ke matsayin "albarka" a bakinsa, ko ɓacin ran ƙarya, ko rantsuwa cewa bai saye haka ba, duk abin da ke nuna an buɗe ƙofar ciniki. Sai kawai ya ɗaga murya ya ce a kawo wa Hajji shayi.

Aka sha shayi. Kawu ya kawo zancen shekarun da ya yi yana zuwa kasuwar nan, da motocin da zai saya nan gaba. Aka ce Allah ya ƙara albarka. Ya ƙara dubu goma. Aka ce Allah ya ƙara arziki. Daga nan ya zaro makamin ƙarshe, wanda ban taɓa ganin ya ci amanarsa ba: ya miƙe, ya kaɗe riga, ya ce mu tafi. Muka taka a hankali. A bakin ƙofa Kawu ya tsaya gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Da na waiga, ɗan Siriya ya riga ya koma kan wayarsa.

A cikin tasi Kawu bai ce uffan ba, ni kuwa ina ta juya abin a raina. Duk dabarun cinikinmu, daga Kantin Kwari har kara, a kan tsoro ɗaya aka gina su: tsoron mai haja kada kaya su kwana. Kwanan kaya asara ce, kuɗin haya na tafiya, uwar kuɗi a ɗaure, yayi na wucewa. Shi ya sa idan ka juya baya ake kiranka. To ga hajar da kwananta riba ne. Duk safiyar da ta waye a shagon, layin masu jira a duniya ya ƙara tsawo. Mai irin wannan kaya ba ya tsoron bayanka. Kai ne ma za ka kwana da fargabar kada wani ya riga ka.

Haka kuwa aka yi. Ranar 1 ga Maris Toyota ta tsayar da dukan masana'antunta 14 na Japan saboda kutsen kwamfuta da aka yi wa Kojima, kamfanin da ke kawo mata kayan roba. Tsayawar ta yini ɗaya ce. Amma ga yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke ranar 24 ga Fabrairu, 'yan kasuwa sun riga sun fara lissafin cewa idan aka rufe wa Rashawa hanyar Japan, ta Dubai za su biyo. Da muka sake leƙawa, baƙar mota ta koma 480,000. Ɗan Siriya har da ba mu haƙuri.

Mafita daga masallaci ta zo. Tun farkon 2022 Dubai ta mayar da hutun mako Asabar da Lahadi, Juma'a ta zama rabin yini na aiki, a lokacin ana huɗuba da ƙarfe ɗaya da kwata. Bayan an sallame, wani abokin Kawu ɗan Damagaram ya haɗa mu da wani dattijo, Bahaushen Sudan, jikan mahajjatan da suka tafi da ƙafa suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. Hausarsa tsohuwa ce, cike da Larabci, kuma ya shekara da shekaru yana dillancin mota a garin. Ya saurari labarinmu har ƙarshe, sannan ya ce, "Alhaji, nuna mini wayarka."

A wayar Kawu akwai hotuna daga dillalai daban-daban, kowa na cewa yana da baƙar VXR a hannu, kowa da farashinsa. Dattijon ya ce a tambayi kowannensu lambar shasi, mai harufa da alƙaluma 17, wadda ba mota biyu da ke tarayya a kanta. Wasu suka yi shiru daga nan. Waɗanda suka turo, lamba ɗaya suka turo, kuma ita ce ta jikin motar shagon ɗan Siriya. Ashe mota ɗaya ce ke yawo a wayoyi, an ɗauke ta hoto ta fuskoki daban-daban. Shi kansa ɗan Siriyan ajiya aka ba shi, ba tasa ba ce.

"Mota ba ta tashi da kanta, Alhaji," in ji dattijon. "Hannu ke ɗaga ta." Ya bayyana mana yadda take isowa kasuwar: wani ya rubuta suna tun farko a gidan wakili, nan ko a maƙwabta, ya karɓa ya sayar da riba, wanda ya saya ya ba mai shago, mai shago ya ba dillalai hoto, dillali ya ba yaronsa a Legas ko Abuja. Kowa ya ɗora nasa. Mai ita na gaskiya shi ne wanda takardar shaidar kwastan, da suke kira VCC, take aljihunsa. In ba ka ga asalin wannan takarda ba, ba ka ga mai mota ba, kada ka ajiye ko dirhami.

Sai kuma ya faɗi abin da ya sa Kawu cire hula ya shafa kai. Ya ce a makon nan kaɗai an yi ta kiran mai motar daga wurare daban-daban, kowa na cewa yana da mai saye a Najeriya, baƙa yake so, kafin watan Mayu. Mai motar ya ɗauka 'yan siyasar Najeriya ne ke rububinta. Kawu ya yi shiru, sannan ya ɗauki waya ya kira Abuja.

"Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamani. Tambaya gare ni, a yi mini afuwa. Mutum nawa aka sa neman motar nan?"

Aka ɗan yi jim. "Ai Alhaji don a yi sauri ne."

Mutuminmu ya sa Kawu, ya sa wani yaronsa, ya sa surukin wani, kowa ya bazama. Shi kaɗai ya yi ta ƙara wa kansa kuɗi, yana gasa da inuwarsa, sannan yana jiran a kawo masa labarin ragi. Kawu ya roƙe shi ya janye sauran, ya kuma shimfiɗa masa hanyoyin sauƙi: akwai fara da ta fi araha nesa ba kusa ba, akwai GXR, wadda inji ɗaya ne, kayan ƙawa ne kawai suka ragu, ko a haƙura zuwa bayan damina a ga yadda kasuwa za ta yi. Aka ce, "Fara? Sai ka ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya?" GXR kuma, wai idan aka jera a gidan gwamnati za a gane. Jira kuwa ba ya cikin zance.

A nan ra'ayina ya tsaya, kuma bai canja ba har yau. Abin da ake ɗorawa a kan irin wannan mota ba kuɗin ƙarfe ba ne, kuɗin riga kowa ne. Mai saye yana biyan ladan a gan shi da ita tun ba ta cika gari ba, ya san haka, mai sayarwa ma ya sani. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma ado aka zo saye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne lokacin: a gida malaman jami'a sun shiga yajin aiki tun 14 ga Fabrairu, gidajen mai sun cika da layi saboda gurɓataccen fetur da aka shigo da shi, mu kuma muna wata ƙasa muna jayayya a kan launin fenti. Na faɗa wa Kawu haka. Ya ce, "Ɗana, ni dillali ne, ba alƙali ba. Rubuta lissafinka."

Dattijon ya ce a bar maganar ta huce, kada kowa ya sake kira. Muka tafi Sharja kallon kasuwar Haraj ta motocin hannu, muka dawo ba mu sayi komai ba. Can kuma hutunsu kwana uku ne, har da Juma'a sukutum. Wayoyin Najeriya suka ɗauke dif. Mai motar, da ya saba jin ƙara safe da yamma, ya fara tambayar ina mutanen nan suka shiga.

Sannan aka kai mu wurinsa. Ɗan Iraƙi ne, ofishinsa ɗan ƙarami a layin baya, ba ko alama a ƙofa. Ya ajiye takardar kwastan a tebur, na karanta lambar shasi, ta yi daidai. Wannan zama bai yi kama da na farko ba. Kawu bai kushe komai ba, bai yi barazanar tafiya ba. Ya ce mai saye ɗaya ne tun asali, ga shi a gabanka, kuɗi kuma a shirye suke yau kafin magariba, ba rabi ba, ba alkawari ba. Dattijo ya ce la'adarsa tsayayya ce, Alhaji zai biya, ba za a ɗora a kan mota ba. Mutumin ya sauko zuwa 465,000 ya tsaya cak.

Tun shigowarmu idon Kawu yana kan wata salun a bakin ofishin, ƙirar bara, tayoyinta sun fara saki don zama, ba irin wadda ake rububi ba. Ya tambayi watanninta a wurin. Mutumin ya yi tsaki ya ɗaga yatsu. Kawu ya ce, "In na ɗauke maka wannan fa?" A karon farko tun saukarmu na ga fuskar mai sayarwa ta motsa. Nan aka yi ciniki irin wanda na sani, da taya, da rantsuwa, da kama hannu, da saki, da dariya. Salun ta sauko sosai, domin ita kam kwana take yi. Albarkacinta babbar ta dawo 455,000, kuma mai ita ya ɗauki nauyin takardun fita da kai motocin biyu tashar Jabal Ali da ɗaure su cikin kwantena. Ya ƙara da shimfiɗun ƙafa, ya ce kyauta ce. Ya sallama, aka yi fatiha.

Kafin Kawu ya miƙa hannu, sai da ya fita waje ya kira Wapa, ya tsayar da farashin canji na ranar. Wannan kira ya fi rabin surutun da muka yi a kasuwa amfani. Kuɗin motar ya kai dala 124,000 ko kusa da haka. In naira ta zame da goma kacal kafin a zuba, an yi asarar fiye da naira miliyan ɗaya ba tare da kowa ya taɓa motar ba.

Da dare na buɗe littafi. Daga 480,000 zuwa 455,000, an sami saukin dirhami 25,000, wato dala 6,800. Wannan shi ne abin da aka aika Abuja, aka yi murna, aka ce dama an san Alhaji ba ya wasa. Amma akwai wani layi a ƙasa. Farashin gidan wakili har da haraji ne, motar fita waje kuwa ba ta biyan wannan haraji. In ka cire shi, abin da ya rage wajen 381,000 ne. Ke nan mun biya kusan dirhami 74,000 a sama, dala 20,000, fiye da naira miliyan 11 a canjin lokacin. Na nuna wa Kawu. Ya duba ta saman tabarau, ya ce, "E, an yi mana ragi a kan ƙari." Ya ce kada in aika wannan layin sai an tambaya. Ba a tambaya ba.

Ragowar wahalar a gida take jiranmu. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, saboda haka a lokacin babu zancen Kwatano, dole sai Legas. A daidai makonnin nan hukumar kwastan ta fito da tsarin ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi, ejan-ejan masu fitar da motoci suka tsayar da aiki a tasha don nuna ƙin amincewa, har aka jingine tsarin na ɗan lokaci. Kwantena na teku sama da wata guda, kai kuma ba ka san dokar da za ta tarar ba. Ga kuɗin fito, ga kuɗin kwanan kaya a tasha, ga ladan ejan, ga motar da za ta goyo ta zuwa Abuja don kada a sa mata kilomita. A waɗannan wurare Kawu ya fi zuba ƙwazonsa, domin a nan ne kaya ke kwana, a nan ne ake jin magana. Motar ta isa hannun mai ita. A watan Yulin 2022 Toyota ta daina karɓar odarta a Japan gaba ɗaya.

Duk ragin da muka samu, zuwa da ƙafa ne ya kawo shi: ganin takarda da ido, tsallake hannuwan tsakiya, da zama gaba da gaba da mai kaya. Wannan hanya ba ta daɗe a buɗe ba. A watan Oktoban 2022 Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, kamfanin Emirates kuma ya dakatar da zuwa Najeriya saboda kuɗaɗensa da suka maƙale. Kusan shekara biyu dillalanmu suka koma sayen mota ta hoton WhatsApp, ta hannun duk wanda ya ce yana kusa da ita. Sai a Yulin 2024 gwamnatin Najeriya ta sanar da dawowar biza, jirgin Emirates kuma ya sake sauka Legas ranar 1 ga Oktoban 2024.